Na'urar Ussing mai araha da na saya don aikin mafitsarar kwaɗo, ga abin da na gani bayan wata bakwai

Assalamu alaikum 'yan uwa masu karatun fisiyoloji da na magunguna. Tun da na gama aikin lab na digiri na biyu mutane ke ta tambaya ta a kan na'urar nan da na yi oda daga waje, wai tana aiki kuwa, wai za ta iya da kwaɗinmu na nan gida, wai in turo lambar mai sayarwa. Lamba kam ba zan bayar ba, sunan kamfanin ma ba zan faɗa ba, don akwai abubuwan da suka ɓata min rai a cikin kayan kuma ba na son in kashe wa wani kasuwa a kan kwali ɗaya tak da ya zo hannuna. Amma irinta suna nan da yawa a kasuwannin intanet kuma kusan duk ƙirarsu ɗaya, to abin da zan faɗa zai amfani duk mai niyyar saye. Daga farkon damina na fara aiki da ita har hunturu ya shigo.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, abu ne mai sauƙi ƙwarai. Wasu ƙananan kofuna ne guda biyu na roba mai haske kamar gilashi, kowanne da rami a gefe, sai ka shimfiɗa 'yar fatar da kake son gwadawa a tsakaninsu ka matse, ta zama katanga tsakanin ruwa biyu. Gefe ɗaya ɓangaren fitsari, ɗaya gefen ɓangaren jini. Wayoyi huɗu ne ke shiga, biyu na auna boltej, biyu na tura karant. In fatar na da rai za ka ga boltej ya bayyana shi kaɗai ba tare da ka sa batir ba, saboda ƙwayoyin jikin fatar suna ɗebo sodiyam daga ɓangaren fitsari suna turawa ɓangaren jini. Sai na'urar ta tura karant daidai wanda zai mayar da boltej ɗin sifili, wannan karant ɗin shi ne ma'aunin sodiyam da ke ƙetarawa. Hans Ussing na Kofanhegan a ƙasar Denmak shi da Zerahn suka fito da dabarar a 1951 a kan fatar kwaɗo, daga baya a 1958 Alexander Leaf a Boston ta Amurka ya ɗora ta a kan mafitsarar kwaɗon tudu, daga nan fa aka yi shekaru kusan talatin masu binciken ƙoda suna kan wannan 'yar fatar.

Dalilin da ya sa mafitsarar kwaɗo, ba ta akuya ko ta ɓera ba, shi ne tamu mafitsarar jaka ce kawai ta ajiya, abin da ƙoda ta zubo shi za a fitar. Ta kwaɗo kuwa randa ce. Yana tara fitsari mai tsarwa-tsarwa a ciki, in ya yi nisa da ruwa ko ƙasa ta bushe sai ya tsotse ruwan da gishirin ya mayar jikinsa, wato aikin da bututun ƙarshe na ƙodar ɗan Adam ke yi ke nan, kuma homon kusan iri ɗaya ne ke ba su umarni. Ga ta siririya kana hango yatsanka ta cikinta, ga ta ba ta buƙatar a ɗumama ruwan zuwa zafin jikin mutum, tana yin awoyi da rai in dai akwai iska da ruwan Ringer mai kyau, wato ruwan gishiri da ake haɗawa ya yi kama da ruwan jikin dabba. Ga lab irin namu da wuta ba ta tsayawa wannan ba ƙaramar rahama ba ce.

To kwalin ya iso bayan sati biyar. Jikin kofunan ba ni da abin cewa, roba ce mai kauri an goge ta da kyau, har yau ba ta tsage ba duk da wankin da take sha. Akwatin lantarkin ma ya ba ni mamaki, na gwada shi da mita ta wani abokina mai gyaran rediyo da 'yan resisto da muka san ƙarfinsu, lambobin suka zo daidai. Wannan shi ne zuciyar kayan kuma shi ya sa har yanzu nake cewa kuɗina bai tafi a banza ba.

Sauran kuma sai haƙuri, araha ba ta ado. Na farko ramin da ake shimfiɗa fatar ya yi faɗi da yawa. Turawan da suka yi aikin nan da wani ƙaton kwaɗo suka yi, wanda ake kira Bufo marinus, ana kawo musu shi daga ƙasashe irin su Jamhuriyar Dominika, mafitsararsa in ka buɗe ta ta kusa tafin hannu. Namu na bakin kwata da gindin famfo, Sclerophrys regularis, wanda tsofaffin littattafai ke kira Bufo regularis, bai kai rabinsa ba. Sati biyu na farko duk fatar da na ɗora sai na ja ta da ƙarfi kafin ta rufe ramin, in ka ja ta kuwa ka kashe ta, boltej ya fito kaɗan ya zube. Sai da na kai wa wani mai yanka roba a kasuwa ya yanko min faifai biyu sirara masu ƙaramin rami na manna a ciki sannan aiki ya fara kama hanya. Don Allah duk wanda zai yi oda ya tambayi faɗin ramin tukuna, ya ce a ba shi mafi ƙanƙanta da suke da shi.

Na biyu zoben roban da ke hana yoyo. Guda biyu kacal suka saka, babu na canji, kuma masu tauri ne. In ka ɗaure kusoshin sama-sama ruwa ya ɗiga, in ka ɗaure tamau zoben ya murƙushe gefen fatar, karant ya riƙa bi ta wurin da ya mutu maimakon ta cikin ƙwayoyin, sai ka ga lamba a fuskar na'ura alhali ƙarya ce. Abin da ya cece ni shi ne shafa man silikon kaɗan a bakin ramin da ɗaure kusoshin da yatsa kawai, bi da bi, ba da sukurudireba ba.

Na uku kuma wanda ya fi ci min rai, wayoyin azurfa masu auna boltej. Cikin sati uku suka fara ba ni milibolt biyar, shida, ba komai a tsakanin kofunan sai ruwa. Na tura wa mai sayarwa saƙo har sau uku, amsa ɗaya na samu, wai in duba takardar bayani, takardar kuwa shafi huɗu ce da Turancin da ba ya fita, ko kalma ɗaya babu a kan gyaran wayar. Wani tsohon ma'aikacin lab ɗinmu ne, Allah ya saka masa da alheri, ya ce min ɗana kawo su nan, ya goge su da 'yar sanfefa mai laushi ya tsoma a ruwan bilic na wankin kaya na ɗan lokaci har suka yi duhu, shi ke nan suka dawo daidai. Shi ne kuma ya koya min dafa aga, wani gari mai daskarewa in an dafa shi, da gishirin fotasiyam kulorayid mai ƙarfin mola 3 a ɗura a siririn tiyo a yi gadar da ke haɗa waya da ruwan, ya ce ka ɗaga tiyon a haske, in ka ga kumfa ko ɗaya ne a ciki ka yar ka sake. Gadojin da suka zo a kwalin duk sun bushe a hanya. Famfon iska ma bai zo da shi ba ko da yake a hoton talla akwai, na tankin kifi na saya kuma ya wadatar.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ce duk da haka a saya.

Ranar da komai ya daidaita, wata safiyar Talata bayan an kwana ana ruwa, na ɗora fata ta zauna lafiya, boltej ya hau wajen milibolt 40, ɓangaren jini ne mai fozitib kamar yadda littafi ya ce, karant ya tsaya cak na kusan rabin awa. Na ɗauki maganin amilorayid na ɗiga a ɓangaren fitsari. Wallahi kafin in ajiye fifet ɗin lambar ta fara gangarowa, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba ta kusa sifili. Na zuƙe ruwan na wanke sau uku da sabon Ringer, ta sake hawa ta koma kusan inda take. Na ɗiga shi a ɓangaren jini, shiru, ko motsi. Shekara nawa ina haddace cewa amilorayid yana toshe ƙofar sodiyam ta fuskar waje, na rubuta a jarabawa na ci, amma sai ranar na san cewa da gaske ƙofar tana da gefe kuma maganin daga gefe ɗaya kawai yake iya rufe ta. Gani ya kori ji. Peter Bentley ne ya nuna wannan a mafitsarar kwaɗo a 1968, ita ƙofar kanta kuwa ba a gano ƙirarta ba sai 1993 zuwa 1994 a Lozan ta ƙasar Suwizalan a lab ɗin Bernard Rossier. Kuma ba baƙon magani ba ne a wurinmu, duk gidan da akwai mai hawan jini an san Moduretic, amilorayid miligiram 5 ne a ciki haɗe da haidurokulorotayazayid miligiram 50, an haɗa su ne don na biyun yana zubar da fotasiyam a fitsari shi kuma amilorayid yana riƙe shi. A nan zan ja kunnen ƙannena, kar wanda ya daka ƙwayar kemis ya zuba a na'urar don gudun kashe kuɗi, magani biyu ne a ciki ga garin da ake haɗa ƙwaya da shi, ba za ka san wanda ya yi aikin ba. A nemi tsantsarsa, a naɗe kwalbar da takardar foyil don ba ya son haske.

Wani maganin da na gwada, wabayin, shi kuma akasin haka ne. Shi ba ƙofa yake rufewa ba, famfon yake kashewa, famfon sodiyam da fotasiyam da Jens Skou ya gano a 1957 har ya samu kyautar Nobel a 1997, kuma famfon a ɓangaren jini yake. In ka sa shi can karant ba ya faɗuwa farat ɗaya, a hankali yake sauka kamar fitilar da mai ke ƙare mata, in ka wanke ma ba ya dawowa da sauƙi. In ka ɗora zanen amilorayid da na wabayin gefe da gefe ka gama fahimtar bayanin da Koefoed-Johnsen da Ussing suka yi a 1958, cewa ƙwayar fuska biyu gare ta, ƙofa a waje famfo a ciki. Abin da ya taɓa zuciyata shi ne asalin wabayin, daga 'ya'yan Strophanthus gratus ake samunsa, ɗan uwan kwankwani da maharbanmu na da ke dafa dafin kibiya da shi. Sai dai kwaɗon tudu yana da taurin kai a kansa, dole ka sa da yawa, saboda dafin da ke cikin kumburin nan na bayan idonsa dangin wabayin ne, to famfonsa ya saba. Saboda wannan dafin ma a sa safar hannu kuma kar a taɓa ido.

Inda na'urar ta gaza, kuma mai talla bai faɗa ba, shi ne ruwa. A shafinsu sun rubuta wai ana nazarin gishiri da ruwa da ita. Gishiri e, ruwa a'a. In ka sa basofuresin, homon da ke sa jiki riƙe ruwa, a ɓangaren jini za ka ga karant ya hau cikin 'yan mintoci, ya kai ƙololuwa wajen minti 15 zuwa 20 sannan ya fara saukowa, wannan sodiyam ne. Amma babban aikin homon ɗin ai buɗe wa ruwa hanya ne, shi ya sa da azumi in rana ta take fitsari ke raguwa ya yi duhu, ruwa kuwa ba shi da caji, na'urar lantarki ba ta ganinsa ko kaɗan. Rabin furojet ɗina a kan ruwa yake, sai da na koma wa tsohuwar dabarar Bentley ta 1958. Ka ɗaure ɓari ɗaya na mafitsarar a bakin siririn bututu da zare ta zama 'yar jaka, ka cika ta da Ringer da aka tsarma sau biyar, ka rataya ta a cikin cikakken Ringer, duk bayan 'yan mintoci ka ciro ka ɗora a sikeli. Kafin homon nauyinta da ƙyar yake raguwa duk da bambancin gishirin ciki da waje, fatar a rufe take ruf. Kana sa basofuresin sai jakar ta fara ramewa a gabanka, kowane awo ƙasa da na baya. Zare da bututu da kofi, sai sikeli mai auna miligiram, kuma sikelin nan shi ne kuɗin da ban sa a lissafi ba, aro na riƙa yi daga wani sashe. Wanda aikinsa ruwa ne zalla, gaskiya ya bar na'urar ya sa kuɗinsa a sikeli mai kyau.

Da jakar ne na ga abubuwan da suka fi shafar marasa lafiya. Tiyofilin, maganin asma, shi kaɗai yana buɗe wa ruwa hanya ba tare da homon ba, Orloff da Handler ne suka nuna haka a 1962 suka gane cewa akwai ɗan aike a cikin ƙwayar da ke isar da saƙon homon, shi tiyofilin hana rushe ɗan aiken yake. Indometasin kuma ƙara wa basofuresin ƙarfi yake, don yana hana jiki yin furostagilandin wanda shi ne birkin homon ɗin, in ka tuna yadda mutanenmu ke shan magungunan ciwon jiki irin wannan kullum ba likita, ga tsofaffi masu ciwon gwiwa da hawan jini suna zuwa asibiti ƙafa a kumbure, sai jikinka ya yi sanyi. Su ƙofofin ruwan kansu an fara hango su ne a mafitsarar kwaɗo a tsakiyar shekarun 1970, wasu 'yan ɗigo-ɗigo da ke taruwa a fuskar ƙwaya in an sa homon su ɓace in an cire, tun kafin Peter Agre ya tabbatar da akwaforin, wato furotin ɗin ƙofar ruwan, a 1992 ya karɓi Nobel a 2003.

Aldosteron, homon da ke sa jiki riƙe gishiri, shi ne ya gwada haƙurina da na na'urar. Crabbé ya nuna tun 1961 cewa yana ƙara jan sodiyam a wannan fatar, amma ba ya fara aiki sai bayan awa ɗaya ko fiye, don sai ƙwayar ta ƙera sabbin furotin tukuna. Wato kana buƙatar fata mai rai da karant tsayayye na awa biyar ko shida. Sau biyu ana ɗauke wuta a tsakiya, akwatin ba shi da batir a ciki, yana mutuwa komai ya tafi. In an ta da janareta kuma lambobin su riƙa rawa. Ƙarshe batirin mota da ƙaramar inbata na haɗa, na kewaye kofunan da ragar ƙarfe irin ta taga na haɗa ta da wayar ƙasa, rawar ta tsaya. Zafi ma abokin gaba ne, in ɗakin ya ɗau zafin rana fatar ba ta daɗewa, don haka bayan asuba nake farawa. Ba ya ajiye bayanai kuma, ba ya haɗuwa da kwamfuta, agogo da biro da littafi ne, duk minti biyu ka rubuta.

Akwai wata magana da ba ta cikin kwali amma ba zan tsallake ta ba. Hadisi ya zo a Abu Dawud cewa wani likita ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da kwaɗo da ake sawa a magani, ya hana kashe shi. Abin ya tsaya min a rai sosai kafin in fara, na je na zauna da malamina na gaya masa komai, kuma ina ba kowa shawara ya yi hakan da nasa malamin, ni ba mai ba da fatawa ba ne. Takardar kwamitin kula da dabbobin bincike ma a same ta kafin a taɓa ko ɗaya. Abin da ke hannuna shi ne rage adadi, kuma a nan ƙaramin ramin nan ya yi rana, mafitsarar ɓari biyu ce, ɗaya ya zama na gwaji ɗaya na kwatance daga dabba guda, fatar cikinsa ma tana hawa na'urar ɗalibai su ga amilorayid a kanta. Sati biyun farko da na yi ina ɓata fata saboda faɗin rami, su ne har yau nake jin nauyinsu, kuma shi ne babban abin da nake riƙe da mai sayarwar a kai, da ya rubuta faɗin a talla da ba a yi wannan asarar ba. A fara koyon ɗaurewa da ledar roba siririya har hannu ya faɗa.

To wa zan ce ya saya? Sashen da ke koyar da 'yan aji biyu da aji uku, ku saya, ko guda biyu ne, ku haɗa da zobba na canji da wayar azurfa da garin aga tun a oda ɗaya. Mai digiri na biyu da aikinsa sodiyam ne, za ta kai ka in kana da mai nuna maka hannu a lab. Mai son fitar da takarda a babbar mujalla da awo na awoyi masu yawa, wannan ba taka ba ce, ka nemi mai haɗuwa da kwamfuta. A lissafina uku da rabi cikin biyar, jiki da akwatin lantarki sun ci, kayan haɗi da takardar bayani da amsa saƙo sun faɗi.

Tawa tana nan na bar wa lab tare da faifan ƙaramin ramin da batirin. Akwai wata ƙanwarmu da za ta ɗora daga inda na tsaya in damina ta kama in sha Allah, litiyam za ta gwada, maganin nan na masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke sa wasunsu yawan fitsari da ƙishirwa saboda yana bi ta ƙofar sodiyam ya shiga ƙwaya ya dakushe aikin basofuresin, tana son ta gani ko amilorayid zai tare shi a mafitsarar kwaɗonmu kamar yadda likitoci ke amfani da shi a kan masu wannan matsalar. Na riga na ce mata ta fara neman aron sikeli tun yanzu.